Yaya zan tambayi ɗan kabu-kabu zancen tramol ba tare da na tona masa asiri ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maraɗi, ina haɗa kundin kammala karatu kan shan tramol tsakanin ƴan kabu-kabu. Na zaga tasha uku, na tambayi mutum arba'in, biyu kaɗai suka ce suna sha. Wani ma cewa ya yi ko jandarma ne suka aiko ni. An ce akwai dabarar jefa ƙarfen kuɗi da ke sa mutum ya faɗi gaskiya ba a gane shi ba. Yaya take? Guzurina ba zai wuce mutum 120 ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ga laifin mutanen nan. Baƙo ya zo da takarda da biro, ya tsaya a tasha gaban abokan sana'arka da shugaban tasha, ya ce kana shan ƙwaya? Ko ni ne, a'a zan ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Alkawarin cewa ba za ka faɗa wa kowa ba bai isa ba, domin mutumin bai san ka ba, bai kuma san hannun da takardarka za ta faɗa gobe ba. Abin da masana ƙididdiga suka nema shi ne hanyar da kai kanka mai tambaya ba za ka san amsar mutum ɗaya ba, amma ka san ta jama'a.

Dabarar da ka ji labari ta samo asali daga Stanley Warner, wanda ya wallafa ta a 1965 a mujallar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka. Wasu sun yi mata gyare-gyare daga baya, kuma mafi sauƙin bayani ita ce wannan. Ka miƙa wa mutum dala ashirin, ka juya masa baya, ya jefa ya duba shi kaɗai. In gefen lamba ya fito, zai ce "e" ko yana sha ko ba ya sha. In gefen tambarin banki ne, sai ya faɗi gaskiya. Kai abin da za ka ji kawai "e" ko "a'a". Wanda ya ce "e" yana da mafaka, don ko gaban alƙali aka kai takardar zai ce kuɗi ne ya sa shi.

To ina gaskiyar ta shiga? Tana cikin lissafi. A ce ka tambayi mutum 400, 260 suka ce "e". Mun san wajen rabinsu, wato 200, gefen lamba ya fito musu, "e" ɗinsu na tilas ne. Cire su, saura 60. Waɗannan 60 daga cikin 200 ɗin da aka ce su faɗi gaskiya suka fito, ka ga kashi 30 cikin 100 ke nan. Alƙaluman misali ne na ƙaga don ka ga yadda ake yi. An yi aiki da dabarar a kusa da mu ma: a yankin Neja Delta na Najeriya an tambayi mutanen ƙauyuka da ita ko suna da hulɗa da tsagerun yankin, tambayar da ba mai amsa ta a fili.

Sai dai ni ba na son ƙarfen kuɗi a wurinmu, saboda dalili biyu. Na farko, jefa kuɗi ko ɗan lido yana kama da caca, kuma akwai wanda da ya ga haka zai ce Allah ya kiyaye, ya hau motonsa. Na biyu ya fi nauyi. A wannan tsari "a'a" kullum wanke kai ce, "e" kuwa tana da ɗan wari ko da ta tilas ce. Mutumin kirki da bai taɓa sa tramol a bakinsa ba, kuɗi ya umarce shi ya ce "e", sai zuciyarsa ta ƙi, ya ce "a'a". In irinsa suka yi yawa, lissafinka zai faɗi ƙasa, har yakan ba da adadin da ya gaza sifiri, abin da ba ya yiwuwa a duniya.

Da ni ne, ƴar jaka zan ɗinka in zuba duwatsun wuya goma masu girma ɗaya, bakwai farare, biyu jajaye, ɗaya baƙi. Mutum ya sa hannu ya zaro ɗaya, ya leƙa cikin tafinsa, ya mayar, ya girgiza. Fari gaskiya, ja "e", baƙi "a'a". Yanzu ko "a'a" ɗin ba shaida ba ce ta komai. Cikin mutum 400, wajen 80 za su zaro ja, 40 baƙi, 280 fari. In 164 suka ce "e", ka cire 80, saura 84 cikin 280, kashi 30 ɗin dai. Kuma kafin ka kai ga tambayar gaske, ku gwada sau biyu ko uku da abin da ba kunya a cikinsa, kamar "ka sha shayi yau?". Ka ba shi jakar shi ya tambaye ka, kai ka zaro, ka amsa, ka ce ya faɗa maka ko gaskiya ka faɗa. Sa'ad da ya yi dariya ya ce wallahi ban sani ba, to ya gane. Wanda bai kai nan ba, jakarka a wurinsa wata dabarar boka ce ko tarkon hukuma.

Ga inda zan ɓata maka rai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma kuɗin wannan sirri yawan mutane ne. Hayaniyar da muka zuba da gangan don ta rufe mutum, wato amsoshin tilas, ita ce take dushe sakamakon. In gaskiyar lamarin kashi 30 ce, kuma kowa zai faɗi gaskiya kai tsaye, mutum 400 za su ba ka amsa mai kuskuren maki 4 zuwa 5 sama ko ƙasa. Da jakar duwatsu kuskuren zai kai wajen maki 7, da ƙarfen kuɗi ya wuce 9. Wato da ƙarfen kuɗin sai ka ninka mutanenka sau huɗu da ɗoriya kafin ka kamo ingancin tambaya kai tsaye. Da mutum 120 ɗinka kuwa, ƙarfen kuɗi zai ce maka masu sha suna tsakanin kashi 13 da 47. Wannan ko mai shayin bakin tasha zai faɗa maka kyauta.

Akwai wata hanya, ta ƙirga. Ka raba mutane gida biyu ta ƙuri'a. Gidan farko ka karanta musu magana huɗu, gida na biyu huɗun nan da ta tramol ta biyar, kowa ya faɗi guda nawa suka shafe shi ba tare da ya ce waɗanne ba. In matsakaicin gidan farko 2.1 ne, na biyu 2.4, bambancin, wato 0.3, shi ne kashi 30 na masu sha. Gwanintar tana wajen zaɓen maganganun: a sa biyu da ba sa haɗuwa ga mutum ɗaya, kamar "moton da nake tuƙawa na kaina ne" da "ina kai wa mai moto kuɗinsa kowace yamma", don kada wani ya ce biyar duka ya tona kansa. Mutane sun fi saurin fahimtarta, amma ita ma ciye-ciyen jama'a gare ta, 120 ba za su ƙosar da ita ba.

Saboda haka shawarata gare ka akwati ne, irin na zaɓe, mutum ya yi alamar amsarsa a kati a ɓoye ya jefa a ciki. An yi amfani da shi a Zimbabuwe wajen tambayar mutanen karkara al'amuran kwanciya a binciken cutar sida. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a babban bincikenta kan cin zarafin mata da ya fito a 2005, ta ba mata kati mai fuska biyu, mai murmushi da mai kuka, mace ta yi alama a ɓoye ta naɗe ta sa a jaka, kuma a mafi yawan wuraren waɗanda suka nuna ta katin cewa an yi lalata da su suna yara sun fi waɗanda suka faɗa da baki. Akwatin ba ya bukatar iya karatu, kowa a nan ya san akwatin zaɓe, kuma ba ya cin ko mutum ɗaya daga 120 ɗinka. Ka sami kwali mai kwaɗo, ka zuba katunan banza masu wata kala tun farko don kada na farko ya ga nasa ne kaɗai a ciki, kuma kada a buɗe sai an gama aikin gaba ɗaya. Rauninsa shi ne ba za ka iya haɗa amsar da shekarun mutum ko awoyin aikinsa ba, sai in ka buga rukunin a jikin katin. In za ka yi haka, rukunin ya zama mai faɗi, kamar ƙasa da shekara 25 da sama da haka.

Wannan batu na rukuni shi ne inda ɗalibai suka fi tona asirin mutane ba su sani ba. Ka rubuta a kundinka cewa a tasha kaza ta unguwar Zariya akwai ɗan shekara hamsin mai mata uku da ke sha, ai ka kira sunansa. Kada sunan tasha ya fito, kada ka karɓi lambar waya, in kuma da salula kake cike amsoshi ka kashe abin da ke ɗaukar wurin da kake tsaye. Manyan binciken lafiya da yawan jama'a, irin wanda Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a Nijar a 2012, sukan gusar da alamar wuri da gangan, har kilomita 2 a birni, 5 a yawancin karkara, kafin su saki bayanai.

Tambayar ma ka gyara ta. "Kana shan tramol?" tuhuma ce, kuma maganin ciwo ne da likita kan rubuta, wani zai ce e don an taɓa ba shi bayan ya faɗi da moto. Ka ce: "A cikin kwana talatin da suka wuce, ka sha tramol wanda ba likita ya rubuta maka ba?" Ka nemi izinin shugaban tasha, amma kada ya zauna wurin, kada kuma shi ya zaɓo maka waɗanda za ka tambaya, don salihan zai turo maka. Ka samu inuwa can gefe, bayan azahar sa'ad da fasinja ya yi sauƙi, mutum ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ce ba ya so ka yi masa godiya ka rubuta cewa mutum ɗaya ya ƙi. Adadin waɗanda suka ƙi shi ma ka sa shi a kundin, malaman da za su saurare ka za su tambaya.