Kyanwata ta tsufa, ta ƙi yin bahaya a waje: yaya zan yi da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da kyanwa mace, shekararta 12 a hannuna. Da muna zaune a gidan bene a Kaduna, baho na ajiye mata da yashi a lungun falo, a nan take biyan buƙatarta. Yanzu mun dawo Zariya, gida mai faffaɗan tsakar gida, maigida ya ce warin ya ishe shi, ta riƙa fita waje kamar kowace kyanwa. Da na ɗauke bahon sai ta koma yin fitsari a bayan kujera, jiya har kusa da dardumar salla. Yara sun fara binta da tsintsiya. Ta yaya zan koya mata fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki mayar mata da bahonta yau ɗin nan, kuma ki tsawata wa yara su daina dukanta. Za ta iya koyon fita, amma ba ta wannan hanyar ba.

An haɗa mata abu biyu a lokaci guda: baƙon gida, sannan aka ɗauke wurin da ta sani tun tana ƙarama. Kyanwa ba ta yin fitsari da gayya. Lokacin da take tsugune shi ne lokacin da ba ta iya kare kanta, saboda haka sai inda hankalinta ya kwanta take yi. Tsakar gidan da kike gani da faɗi, a wurinta fili ne da babu maɓoya, ga kaji, ga yara, ga muzurun maƙwabta da ke haurowa ta katanga, wanda wataƙila ya riga ya feshe ko'ina da fitsarinsa. Duka kuwa yana koya mata abu ɗaya ne kawai, wato ta ɓuya miki idan za ta yi.

Sai maganar shekaru. Kyanwa mai shekara 12 daidai take da mutum mai kimanin shekara 64. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, an duba hotunan ƙashin kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, aka samu alamun lalacewar gaɓoɓi a 90 daga cikinsu. Kuma kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, ba kasafai take ɗingishi ba. Ki zuba mata ido: tana tsayawa ta yi ta auna gado kafin ta hau? Tana ɗaga ƙafa da ƙyar a dokin ƙofa? Gashin gadon bayanta ya cukurkuɗe saboda ba ta iya lanƙwasawa ta lashe shi? Ki kuma lura da shan ruwanta. Idan tana sha fiye da da, yashin yana jiƙewa sharkaf, tana ramewa, to ana zargin ƙoda ko ciwon suga, kuma mai irin wannan larura ba ta iya riƙe fitsari har ta ƙetare tsakar gida. Tunda kina Zariya, ki kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a duba gaɓoɓinta, a gwada jini da fitsari. Idan kika ga tana ta yunƙuri fitsarin ba ya fita, ko ya fito da jini, wannan ba ya jiran gobe. Don Allah kada tausayi ya sa ki ba ta Panadol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

In an tabbatar da lafiyarta, sai a gyara mata wuri a waje. Ki zaɓi gefen katanga kusa da ƙofar ɗakinki, inda ba hanyar mutane ba ce, akwai rumfa ko ɗan kwanon da zai tare ruwa, kuma ba lungun da za a iya ritsa ta ba. Ki sa a haƙa ɗan rami mai faɗin da za ta iya juyawa a ciki, zurfin kamar taƙi ɗaya da rabi, a zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya riƙa tsanewa, a cika da rairayi mai laushi. Kakannin kyanwar gida kyanwoyin daji ne na busassun ƙasashe, shi ya sa har gobe ba abin da take son tonawa kamar yashi mai laushi, busasshe. Tsakar gida mai siminti ko ƙasar da ta daskare ba za ta ja ra'ayinta ba.

Bahon kuma da kansa zai raka ta waje. Ki bari ta koma amfani da shi sosai na mako guda ko biyu, sannan ki fara matsar da shi wajen ƙofa, taƙi biyu ko uku a rana. Ya kwana biyu a bakin ƙofa, ya fita baranda, ya isa gefen ramin. Duk ranar da ta yi a ƙasa, gaggawa aka yi, a mayar da bahon inda yake jiya. Idan ya isa, ki ɗebi ɗan yashin da ta riga ta yi fitsari a kai ki barbaɗa a ramin, warin kanta ne zai gaya mata nan ma nata ne. Da safe in ta tashi, da kuma bayan ta ci abinci, ki fita tare da ita ki tsaya nesa kaɗan. In ta yi, ki ba ta ɗan guntun kifi nan take. Kada ki ɗauke ta ki dangwarar a ramin, ko ki kama ƙafafunta kina tona mata, hakan tsanar wurin yake sa ta.

Ga inda zan roƙi maigida ya yi haƙuri. Ni ban yarda a raba tsohuwar kyanwa da baho gaba ɗaya ba. Da dare ƙofa a rufe take. Ruwan Agusta yana iya wuni yana zuba, sanyin hunturu kuma yana tayar da ciwon gaɓoɓi. Dattijuwar da ake ajiye wa fo a ɗaki da dare ba raina ta aka yi ba, ita ma wannan haka take. Kyanwar da ke matse fitsari da kashi har gari ya waye tana iya ƙarewa da ciwon mafitsara ko taurin kashi. Warin da ya dame shi kuwa yawanci na yashin da ya daɗe ne. A kwashe abin da ta yi safe da yamma, a sauya yashin duka kowane mako, a wanke bahon a shanya a rana. Bahon ya kai tsawon jikinta da rabi, a yanke gefe ɗaya ya yi ƙasa, kamar santimita 5, don ta shiga ba sai ta yi tsalle ba.

Bayan kujerar da ta ɓata, ki wanke shi da ruwan ɗumi da garin sabulun wanki, ki ɗauraye, ki bari ya bushe ƙarau, sannan ki toshe wurin da kaya na ɗan lokaci. Ki guji Dettol da Izal a duk inda take takawa. Sinadaran da ke cikinsu guba ne ga kyanwa, kuma tana lashe su daga tafin ƙafarta. Darduma a riƙa naɗe ta a ɗora sama.

Ramin ya yi nesa da rijiya, da inda kike shuka alayyafo, da yashin da yara ke wasa, domin kashin kyanwa yana iya ɗaukar ƙwan tsutsar ciki da ƙwayar cutar tokzoplasma, wadda ke cutar da ɗan da ke cikin mace. Ƙwayar tana ɗaukar kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewar kullum take da amfani. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, wanda ya yi kuma ya wanke hannu da sabulu. Ita ma kyanwar, tunda za ta fara fita, a riƙa ba ta maganin tsutsa duk wata uku, irin wanda likita ya rubuta daidai nauyinta.

Ki ba abin wata ɗaya zuwa biyu. Idan bayan haka har yanzu bahon take zaɓa, ki bar shi a baranda da rana, ki shigo da shi bakin ƙofa daga ciki idan za a rufe ɗaki da dare.