Afolo ba ta kallo take shiga ba, ta hannu take bi

Wa'alaikumus salam, Maman yara. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ɗanki mai shekara bakwai ya tashi da jan ido, kwantsa ta liƙe masa fatar ido, maƙwabta sun ce afolo ce, har wata ta ce ki hana ƙannensa kallon idonsa. Kina tambaya ko gaskiya kallo yana kawo ta, ko ya tafi makaranta, da yadda za ki kare jaririyarki.

Ni ba likita ba ce, malamar firamare ce a nan cikin garin Katsina. Na daɗe ina ganin yadda wannan ciwo yake shigowa aji da yaro guda, kafin mako ya zagayo benci ya kama gaba ɗaya.

Maganar kallo ki ajiye ta gefe. Ko kin yini kina kallon idonsa ba abin da zai tsallako. Ƙwayar cutar tana cikin hawaye da kwantsa. Idon yana ƙaiƙayi, yaro ya murza, ya kama buta, ya kama marfin ƙofa, ya karɓi wayarki. Wani ya zo ya taɓa wurin, ya kai hannu idonsa, shi ke nan ya ɗauka. Idan ciwon ya haɗu da mura, tari da atishawa ma suna watsa shi. Baƙin tabarau da mutane suke sawa yana rage zafin haske, yana kuma ɗan hana kai hannu ido, amma ba shi ne katangar ba.

Saurin yaɗuwarta kuwa ba sabon abu ba ne. Irin wadda take sa jini ya kwanta a farin ido a Ghana aka fara ganin annobarta a 1969, cikin ɗan lokaci ta ratsa Afirka ta Yamma har ta iso Najeriya. Wannan tana bayyana kwana 1 zuwa 2 bayan an ɗauka. Akwai wata da ƙwayar adenobairos take kawowa, ita takan yi kwana 5 zuwa 12 kafin ta nuna, kuma tana iya zama da rai a jikin ƙarfe ko roba har makonni. Shi ya sa sai a ga gida ya lafa, can sai wani ya tashi da ita. Mai irin wannan yana iya shafa wa wani muddin idon yana ja yana hawaye, wani lokaci har mako biyu.

Abin da na fi so ki kula da shi, abubuwan da muke yi saboda ƙauna su ne suka fi raba ta. Uwa ta ga kwantsa a idon yaro, ta kama gefen zani ko hijabi ta share, anjima ta share wa ƙaramin majina da wurin nan dai. Tawul guda kowa ya goge fuska bayan wanka. Matashi guda yara uku. Tandun kwalli guda ya zagaye 'yan matan gida, har a ce kwallin zai wanke idon, alhali tsinken ne yake kai ciwon daga ido zuwa ido. A ajina, da zarar na ga mai jan ido, abin da nake fara hanawa shi ne aron fensir da goge fuska da rigar wani, kuma na ga bambanci.

Don haka ki ware masa tawul da matashinsa, da butarsa idan da hali. Wurin alwala ana wanke fuska da hannu, sannan a miƙa butar ga na gaba, to ya fara wanke hannu da sabulu kafin ya kama ta, bayan ya gama ma haka. Ya yi salla a kan tasa daddumar. Wanke hannun nan ba tsoma yatsu a kwano ɗaya ba ne kamar yadda ake yi kafin cin tuwo. A zuba masa ruwa daga sama, ya cuɗa da sabulu kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu. Ki yanke masa farce. Kwantsar kuma ki goge ta da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da tasa audugar, ki jefar nan take. Rigar matashi da tawul a wanke da ruwan zafi da omo a shanya a rana, rana kuwa ba mu rasa ta ba.

Makarantar boko da Islamiyya duka ya dakata har idon ya daina hawaye da kwantsa. Na san iyaye suna jin tsoron karatu ya wuce yaro, amma ki aika wa malaminsa, za mu fi son haka a kan rabin aji su kwanta.

Jaririyar ita ce ta fi damuna. Ke ce gadar da ke tsakaninsu, ke kike goge idon yayanta, ke kike ɗaukarta. Kada ki taɓa ta ko ki ba ta nono sai kin wanke hannu. Shi kuma ya haƙura da goyonta da sumbatarta a kwanakin nan. Idan ba ta cika wata guda ba kuma kika ga idonta ya kumbura ko yana fitar da ruwan mugunya, a ranar za ki kai ta asibiti, ba a jira gobe. Ciwon ido a jariri sabon haihuwa yana iya makantarwa cikin 'yan kwanaki.

Don Allah, kada ki bari a ɗiga masa fitsari, ko ruwan batir, ko ruwan sukari, ko ruwan albasa, ko nono. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana ba da wannan shawara. Ruwan batir asid ne, ƙona ido yake yi. Fitsarin mai ciwon sanyi kuwa yana iya kai wa ido ƙwayar da take huda baƙin ido. Afolo da kanta yawanci takan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma tabon da waɗannan abubuwa suke bari ba ya gogewa. Haka ma sayen maganin ɗigawa a kemis da ka. Wasu suna ɗauke da sitiroyid, suna kwantar da jan ido da sauri har mutum ya ji daɗi, alhali suna iya ta'azzara gyambo a baƙin ido ko su ɗaga hawan ruwan ido. Magungunan ɗigawa irin su kuloramfenikol kuma na bakteriya ne, ba sa kashe bairos ɗin da yake kawo afolo. Idan likita ya tabbatar bakteriya ce ya rubuta magani, yaɗuwar tana raguwa sosai bayan kamar awa 24 da farawa. Kwalbar tasa ce shi kaɗai, kuma kada bakinta ya taɓa idon.

Ki sani kuma ba kowane jan ido ne afolo ba. Da hunturu, ƙura tana sa wasu yara ƙaiƙayin ido biyu da hawaye, farin idon ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, yana tafiya yana dawowa duk shekara. Wannan ba a ɗaukarsa. Naki da ya zo dare ɗaya da kwantsa, ki ɗauke shi a matsayin mai yaɗuwa har a duba.

Idan ya ce idon yana masa zafi mai tsanani, ko yana gani dishi-dishi ko bayan an goge kwantsar, ko ba ya iya buɗe ido a haske, ko kin ga farin ɗigo a kan baƙin idon, ko zazzaɓi da ƙuraje sun biyo baya irin na baƙon dauro, ki kai shi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina. Haka nan idan mako ya wuce abin yana ƙaruwa maimakon raguwa. Ki sanar da mu yadda ya kwana, Allah ya tsare sauran yaran.