Amsoshin Tambayoyinku: Koren Cakulan na Masoya a Japan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ganin hotunan wani cakulan kore shar da aka ce 'yan matan Japan ke haɗa wa samarinsu. Ina tushen wannan al'ada, kuma yaya ake haɗa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. A Japan, ranar 14 ga Fabrairu mata ne ke ba maza cakulan. Kamfanonin kayan zaƙi ne suka yaɗa abin, har ya kankama a shekarun 1970. Kyautar kala-kala ce. Akwai giri choko, wanda ake saya a kanti a raba wa abokan aiki don fita kunya. Akwai kuma honmei choko, na wanda zuciya ta zaɓa, kuma mata da yawa sun fi son su haɗa shi da hannunsu, domin wahalar da aka sha tana cikin saƙon. Namiji kan rama ranar 14 ga Maris, wadda suke kira Farar Rana.

Wanda kika gani sunansa nama choko (sunan Japananci ne, babu nama a ciki), cakulan mai laushi da ke narkewa da zarar ya taɓa harshe. Korensa daga matcha yake, wato ganyen shayin da ake yi wa rumfa kimanin mako uku kafin tsinka, a turara shi, a busar, a cire jijiyoyinsa, a niƙa ya zama gari lukui. Uji da ke kusa da Kyoto da Nishio a lardin Aichi sun yi suna a nomansa. Kada ki niƙa koren shayin da ake jiƙawa ki ce ya wadatar: ba zai yi laushi ba, ɗacinsa kuma zai ɓata miki aiki.

Ki tanadi farin cakulan giram 200, kirim ɗin madara mai kitse kashi 35 cikin ɗari ko sama mililita 70, bota mara gishiri giram 10, da matcha giram 8, kimanin cokalin shayi huɗu. Ki yayyanka cakulan ƙanana-ƙanana a busasshen kwano. Ki ɗora kirim da bota a ƙaramar wuta, da kin ga 'yan kumfa a gefen tukunya ki sauke, kada ya tafasa. Ki juye a kan cakulan, ki bar shi minti ɗaya, sannan ki juya a hankali daga tsakiya zuwa gefe har ya haɗe yana sheƙi. Ki tankaɗe matcha a ƙaramin kofi, ki dama shi da cokali biyu na haɗin har gudaji su mutu, ki mayar cikin kwanon ki gauraya. Ki shimfiɗa takardar gashi a mazubi mai faɗin santimita 12 kowane gefe, ki zuba, ki ɗan buga shi a kan tebur iska ta fita, ki sa a firji awa huɗu. Wajen yanka, ki tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge ta tas kafin kowane yanka. Za ki samu gutsure 16 masu santimita uku-uku.

Tambaya: Na gwada, sai mai ya taso a sama, launin kuma ya dushe, bai ma daskare ba. Ina matsalar take?

Amsa: Kada ki karaya, malama, kowanne da dalilinsa. Man da ya taso zafi ne ya jawo shi. Farin cakulan ba ya jure wuta kamar baƙi, idan ya wuce digiri 45 a ma'aunin Celsius man koko da ke cikinsa sai ya rabu. Idan dole ki ƙara ɗumama shi, ki ɗora kwanon a kan ruwa mai digiri 50, kada tiriri ya shiga. Wanda ya riga ya rabu yana gyaruwa: ki zuba cokali ɗaya na kirim mai ɗumi, ki juya a hankali har ya koma ya haɗe.

Rashin daskarewa kuwa awo ne. Farin cakulan yana son kashi uku a kan kashi ɗaya na kirim, ba biyu a kan ɗaya da ake yi wa baƙi ba. Ki duba bayan takardar cakulan ɗin ma, ki tabbata man koko aka rubuta, don wanda aka yi da man girki zalla ba ya ba da wannan laushin. Launi kuma zafi da haske da iska ke kashe shi, saboda haka matchan da aka daɗe da buɗewa ba zai yi kore shar ba.

Tambaya: Kwana nawa yake yi kafin a miƙa shi?

Amsa: Akwai kirim a ciki, don haka kwana uku a firji ne iyakarsa, cikin mazubi mai murfi. Ki haɗa shi ana gobe za ki bayar. Garin matcha na sama ki barbaɗa shi da rariya dab da sawa a kwali, domin yana shan danshi ya yi duhu. Idan tafiyar da nisa, ki haɗa kwalin da 'yar jakar ƙanƙara.