Yadda ku huɗu za ku samu sautin jaz irin na Norwe

Malam, ka ce da sakso (kayan busa mai maɓallai), fiyano, bas (kayan kiɗa mai tsirkiya da babbar murya) da ganga kiɗanku yana cunkushewa in kun gwada wannan salon. Yawan bugu ne matsalar. Saurari masu busa sakso 'yan Norwe Jan Garbarek ko Trygve Seim a faya-fayan kamfanin ECM: suna barin shiru tsakanin sautuka.

Mai sakso ya riƙa atisayen jan dogon sauti na minti 15 kullum, ba karkarwa. Mai bas ya daɗe kan murya guda, mai ganga ya ajiye sanda ya ɗauki burushin kiɗan ganga.

Kada ku cika amsa-kuwwa a na'ura, komai zai dagule. In sautukan ƙasa-ƙasa na sakso suna tsinkewa, galibi iska ce ke sulalewa ta fatun maɓallai, sai a kai wa mai gyaran sakso.