Minista na yin doka, majalisa na kallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na ji ance minista zai iya zama a ofishinsa ya fitar da doka ba a kai ta majalisa ba, to su 'yan majalisar ba za su iya hana ta bane? Daga wani ɗalibi mai karanta mu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Eh haka ne, amma fa ba da ka yake yi ba, majalisar ce tun farko take sawa a cikin babbar doka cewa minista ya cike sauran bayanai, nawa za a biya, yaushe za a fara, su ake ce wa ƙananan dokoki. Bari in ɗauki Birtaniya tunda tsarinsu a rubuce yake tun dokar 1946.

Galibi ajiye takardar kawai ake yi a gaban majalisa, in kwana 40 suka wuce ba a zartar da ƙudurin soke ta ba shikenan ta zauna, sau da yawa ma ta riga ta fara aiki. Wasu kuma dole sai an kaɗa ƙuri'ar amincewa. Akwai kwamitin haɗin gwiwa na majalisunsu biyu, ta wakilai da ta dattawa, mai duba ko minista ya wuce gona da iri.

Abin da ke damuna wallahi shi ne yawanci ba su da ikon gyara ko kalma ɗaya, ko su karɓa duka ko su yi watsi da ita duka, gashi gwamnati ce ke da rinjaye kuma ita ke raba lokacin muhawara, to waye zai tayar? Rabon da majalisar wakilansu ta soke irin ta kwana 40 ɗin tun 1979, a kan farashin kananzir. A 2015 majalisar dattawa ta taka wa shirin rage tallafin masu ƙaramin albashi birki, gwamnati ta janye shi, amma nan take ta sa a duba yadda za a rage wa dattawan ƙarfi.

Ka tuna kullen korona? A Ingila ranar 26 ga Maris 2020 ya fara aiki da sa hannun minista, mutane na kulle a gida 'yan sanda na cin tara, majalisa ba ta amince da shi ba sai watan Mayu. Saura kotu, ita tana iya rushe ƙaramar doka in ta wuce ikon da babbar ta bayar, amma sai wani ya shigar da ƙara.