Ku Tambayi Kawu: Raƙumin Dawa na Ƙarfe a Lambun Jama'a

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Ni mai walda ne a Bukoki, ƙofofi da tagogi nake yi. Idan kasuwa ta yi sanyi sai in tattara ragowar ƙarfe, da sarƙar babur, da tsofaffin kusoshi, in haɗa surar abubuwa. Yanzu ina da raƙumin dawa da ya fi ni tsawo, da tulu, da kwalekwale har da matuƙinsa. Na gani a Facebook wasu ƙasashe suna jera irin wannan aiki a lambun shaƙatawa, jama'a su zo kallo. Ina so in yi haka a nan Yamai, amma mahaifina ya ce gumaka nake ƙerawa. Ta ina zan fara? (Mai walda, Bukoki)

Amsa: Ɗana, ta gida za ka fara. Maganar tsohonka ba ta banza ba ce, kuma ba shi kaɗai zai faɗe ta ba ranar da ka fito da kayan fili. Ni ba malami ba ne, amma abin da aka sani shi ne malamai sun tsananta a kan cikakkiyar surar abu mai rai wadda take tsaye da jikinta, mutum ko dabba. Itace kuwa, da tulu, da jirgi, ba a ja-in-ja a kansu. An ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wajen Ibn Abbas, shi kuma ya ba shi shawara, in ba makawa, ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Ko a Senegal sai da aka kai ruwa rana: lokacin da aka buɗe ƙaton mutum-mutumin tagulla na Dakar a 2010, mai tsawon mita 49, limamai sun fito sun yi tir da shi. Saboda haka ka ɗauki mahaifinka ku je wajen malamin da ya yarda da shi, ku ji da kunnenku. In ni ne kai, da tulun da kwalekwalen zan fara fita, matuƙin da raƙumin dawan su dakata a shago har a gama magana.

Kada ka ga kamar an rage maka. Aikin ƙarfen da ya fi kowanne suna a ƙasar nan ai itace ne. Itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai cikin rairayi, babu wata kusa da ita har wajen kilomita 400, wata babbar mota ta ture ta a 1973. Aka kwaso gawarta zuwa gidan tarihi na nan Yamai, can inda take kuma aka kafa ta ƙarfe. Har gobe matafiya na tsayawa su ɗauki hoto da ita.

Sai izini. Lambu da mahaɗar hanya na hukuma ne, kar ka kuskura ka sauke kaya da daddare ka ce gari ya waye an gani. Yamai na da gundumomi 5. Ka rubuta takarda zuwa ga hukumar gundumar da wurin yake, ka haɗa da hoton kowane aiki, da tsawonsa, da ranar kawowa da ranar kwashewa. Ranar kwashewar nan ita ce ke kwantar da hankalin ma'aikaci. Wanda ya ce a ba shi mako biyu ya fi saurin samun sa hannu a kan wanda ya ce a ba shi fili. In kun kai ku huɗu ko biyar masu irin sana'ar, har da maƙeran Katako da masu sassaƙar Wadata, takardar za ta fi nauyi, kuɗin amalanke da na mai gadi kuma ku raba.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Abin da ya yi kyau a inuwar shago ba lallai ya jure fili ba. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, ƙarfen da ya yini a rana kuwa ya isa ya sale tafin hannun yaro. Yara kuma sai sun taɓa, sai sun hau, ko ka rubuta "a kula" da harsuna uku. Na taɓa tsayawa bakin wani shago ina kallon wani ɗan yaro da ya maƙale a wuyan dokin ƙarfe, yana kaɗa ƙafa yana "hai, hai", dokin na rangaji a kan ƙafafu sirara kamar na sauro, mai shagon ya juya baya yana walda bai ma sani ba. Don haka ka bi kowane baki da kowace kusurwa da injin gurza har sai ka shafa da bayan hannunka ba ka ji kaifi ba. Ka yi wa kowane aiki gindi mai faɗi, ka ɗaure shi da noti a kan daɓen siminti. Iskar da ke zuwa gaban hadari a farkon damina tana yaye kwanon ɗaki, balle tulun da aka ajiye kawai. Ka shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin fentin ado, musamman a bakin walda, don nan ruwa ke fara ci. Mafi sauƙi dai, ka yi bajekolinka a Disamba ko Janairu, lokacin ɗari, ƙura ce kawai za ka riƙa kakkaɓewa da safe.

Akwai kuma masu sayen tsohon ƙarfe a kilo. Kai fasaha kake gani, wani kuwa sikeli yake hange. 'Yan Burkina sun huta da wannan: a Laongo, kimanin kilomita 35 daga Wagadugu, tun 1989 wani masassaƙi mai suna Siriki Ky ya fara tara masassaƙa daga ƙasashe daban-daban suna sassaƙa duwatsun wurin a inda Allah Ya ajiye su. Ba mai iya saɓa dutse ya kai kasuwa. Kai da ƙarfe kake aiki, mai gadi dole ne.

Da la'asar kuma ka riƙa zama kusa da kayanka da kanka. Mutanenmu sun fi sayen abin da suka ga mai shi, suka tambaye shi "wannan da me ka yi?", ya nuna musu sarƙar babur a bakin tulu. Ka liƙa lambar wayarka a gindin kowane aiki. Masu otal da masu gidan abinci ta nan suke wucewa.

Tambaya: Kawu, ni malamar firamare ce a Tawa. Za mu kawo yara Yamai a hutu, ina zan kai su su ga irin waɗannan abubuwa a fili? (Malama, Tawa)

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Ki kai su gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959. Fili ne babba mai itatuwa, da ɗakunan nuni a warwatse, da namun daji. Za su ga ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadarmu, da gawar itaciyar Tenere da na ambata a sama. Amma kada ki bari zaki da dorina su cinye muku lokaci duka. Ki ja su zuwa rumfunan masu sana'a, su tsaya kan maƙerin azurfa da baduku da masaƙi, su ga abu yana fitowa daga hannu. In wani ya tambaye ki ko kakanninmu sun san sassaƙa, ki ba shi labarin raƙuman dawa na Dabous, arewa da Agadas, da aka zana a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. Babban ya haura mita 5. Ku shiga da sassafe, kowane yaro da gorar ruwansa, kuma ki ƙirga su a bakin ƙofa kafin shiga da bayan fita.