Amsa: Me ya sa madubin atam ke daina aiki idan haske ya yi ƙarfi?

Ɗan'uwa, ka tambaya: in dai jerin atam na iya mayar da haske kamar madubi, me ya sa ƙara ƙarfin hasken leza (laser) da ake haska shi da shi ke ɓata shi? Wannan tambaya ta ci mini watanni ina ɗalibin digiri na biyu, don haka bari in ɗan tsawaita.

A sauƙaƙen lissafi, atam guda yana da matakan kuzari biyu, ƙasa da sama. Ya haɗiyi foton ɗaya, wato ƙwayar haske guda, ya hau sama, to ba shi da wurin na biyu sai ya sauko. Ƙoshi ke nan. Shi ya sa amsarsa ba ta tafiya daidai da yawan hasken da ka zuba masa.

Amma idan aka jera su da tazara ƙasa da tsawon zangon hasken, sai su amsa da murya ɗaya. Tun 1954 Robert Dicke ya nuna cewa atam da ke kusa da juna ba sa fitar da haske kowa da kansa. A 2020, ƙungiyar Immanuel Bloch a cibiyar Max Planck da ke Garching a Jamus ta jera atam na rubidiyam kusan 200 a shimfiɗa guda, tazara nanomita 532, tsawon zangon haske nanomita 780, suka samu madubi. Sai dai da haske mai rauni sosai suka yi.

Nan ne na sha wahala. Lissafina a kwamfuta ya ɗauki kowane atam kamar ƙaramar eriya da ba ta ƙoshi. Da haske kaɗan komai ya fito tsaf. Da na ƙara ƙarfi, sakamakon ya rabu da gaskiya, domin atam da suka ƙoshi sun fita daga sahu, haske yana ratsawa yana watsewa gefe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne akasin haka: foton biyu kacal ba sa jin juna a babban jeri, saboda kowanne ya bazu a kan ɗaruruwan atam. Haɗin kan da ya ba ka madubi shi ne ya tsarma ƙoshin.

Maganin da aka gwada don foton su ji juna shi ne matakin Rydberg, wani matakin kuzari mai tsawo sosai, inda atam ɗaya da aka ɗaga can sama ke hana maƙwabtansa amsawa. A 2023 ƙungiyar Garching ta yi amfani da atam guda irin wannan ta sauya jerin tsakanin mayar da haske da barinsa ya wuce.

In za ka fara lissafi, fara da atam biyu zuwa goma da cikakken lissafin kwantam, wanda ke la'akari da ƙoshin, ka ga inda na eriya ya kuskure kafin ka faɗaɗa.